Yadda na magance wa 'yata taurin bayan gida

'Yata mai shekara 3 ta dinga nishi a kan fo tana kuka, kashin ƙanana kamar na awaki. An ce in ba ta jiƙon kanwa, na ƙi. Ƙarin madara kuwa bai taimaka ba.

Sai na rage mata burodi, biskit da taliya. Da safe yanka biyu na nunanniyar gwanda daga kasuwar Sabon Gari, da dabino 3 da na jiƙa tun dare, na cire ƙwallayen na dama mata. Da rana tuwo da miyar kuɓewa, ko wake da alayyahu, ruwa kuma a kai a kai. In ta ci abinci sai ta zauna a fo minti 5, ba tsawa.

Alhamdulillahi, yanzu da laushi yake fitowa. Da na ga jini ko amai, da asibiti muka nufa.