Darasi na Tara: Dabbar da Masu Ita Suka Gudu Suka Bari

A shekarar 2014, da 'yan Boko Haram suka ƙwace Gwoza da Bama, jama'a sun fice daga su sai kayan jikinsu. Wasu suka nufi Maiduguri, wasu suka tsallaka Kamaru. Aka bar awaki a turke, jakuna da dabaibayi, kaji a akurki. Dabbar da ke sake takan nemi ciyawa da ruwa da kanta. Wadda ke ɗaure kuwa, ƙishirwa ce ke kashe ta.

Don haka in gudu ya kama, kuma da hali, a kwance igiya, a buɗe akurki. In babu hali, a tsira da rai tukuna.

To, in kai ne ka tsinci irin wannan dabba fa?

Ka kai ta inuwa, ka ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Kada tausayi ya sa ka tula mata dawa ko dusa. Cikin da ya daɗe da yunwa yana iya kumbura, ta mace a hannunka. Fara da harawa ko busasshiyar ciyawa, kana ƙarawa a hankali.

Kada ka haɗa ta da naka dabbobin. Ɗaure ta gefe kamar mako uku, da kwanon ruwanta daban. Kullum ka duba hanci, baki da kofato. In ka ga majina, zawo, tari ko gyambo, nemi malamin dabbobi. Karen da ke dalalar da miyau yana kai cizo, wannan kam ba naka ba ne, ka yi nesa da shi.

Kada kuma ka bi saniya cikin gona ko kangon da aka yi faɗa a ciki. Akan binne bama-bamai a irin wuraren nan.

Sai cigiya, wadda mutane da yawa ke sakaci da ita. Dabbar amana ce a hannunka. Ka sanar da mai unguwa a gaban shaidu, a faɗa a masallaci da kara ranar kasuwa. Ka lura da launinta, tsagar kunne da tambarin wuta, amma kada ka bayyana duka, mai ita ne zai kawo sauran. A lokacin da satar shanu ta yi yawa, wanda aka gani da baƙuwar saniya bai gaya wa kowa ba, shi za a fara tuhuma.

Aiki: Rubuta cigiyar akuya a layi uku. Ka sa rana, wurin da aka tsince ta, da wanda za a nema.