Yadda ake raka yaron aji shida zuwa jami'a ba tare da an ɗauke masa nauyinsa ba

Da zarar JAMB, hukumar da ke shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fara sayar da fom a farkon shekara, za ka ga yayye da kawunnai da malamai masu kyakkyawar niyya sun tashi haiƙan. Wani ya biya kuɗin fom, ya zaɓa wa yaro kwas, ya sa lambar wayarsa a rajista, ya riƙa buga masa ƙofa da asuba don ya tashi karatu. Yaron kuwa yana biye kawai, ko sunan jami'ar da aka cika masa sai ya tambaya. Irin waɗannan yaran na fi ganin sun tsaya a hanya, wasu ma bayan sun sami gurbin, domin a jami'a babu mai buga ƙofa. Idan ka ɗauki nauyin ƙanenka, ɗan 'yar'uwarka ko ɗalibinka, ga tsarin da nake bi.

Mataki na farko: ku zauna da biro da takarda tun yana aji biyar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai an fara sayar da fom ya makara da kusan shekara guda. Ka zaunar da shi ka tambaye shi abin da yake so ya karanta, kuma kada ka karɓi "duk abin da ka zaɓa mini, Yaya." Wannan amsa kama take da ladabi, amma gudun nauyi ce. Ka ba shi mako guda ya dawo da kwasa-kwasai biyu ko uku, kowanne da darussan da JAMB ke nema a kansa, shi da kansa ya kwafo su daga kundin hukumar da ke shafinta na intanet.

A nan ake fara ɓarna. Jarrabawar darussa huɗu ce, Turanci dole ne ga kowa. Mai son likitanci sai ya haɗa da Fiziks, Kemistri da Bayoloji. Injiniya yana buƙatar Lissafi, Fiziks da Kemistri. Mai son aikin lauya ba zai tsallake Adabin Turanci ba, kuma yara da yawa sai a shekarar ƙarshe suke gano cewa ba su taɓa shiga ajin adabin ba. Yaro zai iya cin maki mai kyau, a hana shi gurbi saboda haɗin darussansa bai dace da kwas ɗin ba.

Sannan ka faɗa masa gaskiya game da inda zai nema. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Ɗan Jigawa da ya sa Bayero ta Kano a zaɓin farko yana da ƙofa fiye da ɗaya. Idan ya nufi jami'ar da ke can nesa saboda abokinsa ya sa ta, ya rage wa kansa dama. Kuma manyan jami'o'i galibi masu zaɓin farko suke kallo, don haka kada ya sa rai da zaɓi na biyu.

Mataki na biyu: takardu, da ƙafarsa zai je

Tun 2021 babu rajistar JAMB sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Ana tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a dawo wa yaro da lambar da zai sayi fom da ita. Dokata a nan ɗaya ce, ba na sassauta ta: layin da za a yi amfani da shi na yaron ne, ba na babansa ba, ba naka ba, ba na mai shagon intanet ba. Wannan layin ya zama nasa a wurin hukumar, da shi zai duba sakamako, kuma idan ya ɓata ko aka rufe shi saboda rashin amfani, wahalar da za a sha ba kaɗan ba ce. Ya riƙa sa masa kati ko na naira ɗari ne lokaci-lokaci. Adireshin imel ma shi zai buɗe, shi zai riƙe kalmar sirri.

Kafin nan, ya ɗauko takardar NIN da takardar haihuwa da sunan da makaranta ta tura wa WAEC da NECO, ya jera su. Mu Hausawa wannan na cinmu sosai: nan Muhammad, can Mohammed, wani wuri Muh'd, nan sunan uba, can sunan gari, ranar haihuwa kowace takarda da tata. Gyara a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, na ɗaukar lokaci da kuɗi, a yi shi tun da damina. Ka ba shi kuɗin mota, ka kwatanta masa wurin, ya je ya bi layi. Idan ya dawo ya ce layi ya yi tsawo, gobe ya fita da sassafe. A cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake rajista, kuma kafin a danna komai shi zai karanta abin da ke kan allon, layi-layi. Mai cika fom mutum ɗari yake yi wa a rana, kuskurensa kuma a kan yaronka zai zauna.

Mataki na uku: jadawali, da wanda zai tsare shi

Nan ne aikin yake, nan ne kuma masu raka yara suka fi lalata shi. Kuskuren iri biyu ne. Akwai mai zana wa yaro jadawali mai kyau, awa shida a rana, ya manna masa a bango, bayan kwana kaɗan takardar ta zama ado. Akwai kuma wanda ya mayar da kansa ɗan sanda: kira da asuba, kira da dare, faɗa kullum. Na biyun ya fi haɗari domin yana aiki na ɗan lokaci. Yaron yana karatu muddin ana tsaye a kansa, ranar da ka yi tafiya littafi ya rufe.

Ka bar shi ya rubuta jadawalin da hannunsa, kai kuma aikinka ka rage shi. Zai kawo maka awa biyar saboda yana so ya burge ka. Ka ce ya fara da awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, da awa ɗaya da daddare, a ƙara idan ya riƙe wannan wata guda. Jadawalin ya yi la'akari da rayuwarsa ta gaske: akwai Islamiyya da yamma, akwai zaman shagon baba ranar kasuwa, akwai rashin wuta. Fitila mai caji da hasken rana ta fi wani sabon littafi amfani. Idan yarinya ce, maganar da iyaye za ka yi, ba da ita ba. Ka je ka gaida Umma, ka roƙi a ɗauke mata wanke-wanken safe ko girkin dare na watannin nan, a raba wa ƙanne. Ba a tsare jadawali da tsintsiya a hannu, kuma yarinyar ba za ta iya faɗar wannan da bakinta ba.

Sai littafi ɗaya, mai shafi arba'in ya isa. Kullum ya rubuta kwanan wata, abin da ya karanta, tambayoyi nawa ya amsa, nawa ya ci. Ranar da bai yi komai ba ya rubuta "ban yi ba," da dalili a layi ɗaya. Ku tsayar da rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, shi zai zo ya same ka da littafin. Ba ka kiransa don tunatarwa. Idan bai zo ba, ka yi shiru har mako na gaba. Wannan shirun yana da wuya, musamman idan kai ka biya kuɗin fom, hannunka zai riƙa kai wa waya. Ka daure.

Idan ya zo, kada ka fara da wa'azi. Ka buɗe littafin ka tambaya: me ya faru ranar Talata? Za ka ji an ɗauke wuta, an yi baƙi, malami bai zo ba. Ka saurara har ya gama, sannan ka ce, "To, a cikin wannan duka, wanne ne yake hannunka?" Ka jira amsa ko da shirun ya yi tsawo. Yaro ya saba a yi masa faɗa ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, faɗan ya wuce, shi ke nan ya biya. Abin da bai saba ba shi ne a bar shi ya nemo gyaran da kansa. Ranar da ya ce "da na yi cajin fitilar a shago da rana," ka rubuta wannan a littafin a matsayin aikin mako mai zuwa, ka rufe maganar.

Abu biyu kada ka yi a wannan zama. Kada ka kwatanta shi da ɗan wane, kuma kada ka yi masa gorin kuɗin da ka kashe. Gori yana sa yaro ya fara cika littafin da ƙarya, kuma da zarar ƙarya ta shiga littafin ba shi da sauran amfani. Shi ya sa nake yaba wa "ban yi ba" na gaskiya a fili. Idan ka yi zargin ƙarya, ka ɗauki tambayoyi biyar daga babin da ya ce ya karanta ka yi masa nan take, ba sai ka ce komai ba.

Maganar waya: ban yarda da ƙwace ta ba, domin zai ari ta aboki. Ku yi yarjejeniya cewa lokacin karatu wayar tana wani ɗaki, kuma shi zai faɗi abin da zai biyo baya idan ya saɓa. Sau da yawa hukuncin da suke yanke wa kansu ya fi wanda za ka yanke tsanani. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin watannin shiri, don haka a sake jadawalin kafin a ga wata, a mayar da karatu mai nauyi bayan sahur.

Akwai lokacin da za ka ja baya gaba ɗaya. Idan wata biyu suka wuce ba ya zuwa, ba ya rubutu, ka faɗa masa a gaban mahaifinsa, cikin natsuwa, cewa ƙofarka a buɗe take amma ba za ka bi shi ba. Wasu sai sun ga sakamakon farko sannan su dawo, kuma na biyun ya kan fi kyau.

Mataki na huɗu: tsofaffin tambayoyi da kwamfuta

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi cikin sauran ukun, maki 400 gaba ɗaya. Ka sa shi ya raba da kansa ya ga cewa kowace tambaya daƙiƙa 40 ce. Daga nan duk gwajin da zai yi da agogo ne. Littattafan tsofaffin tambayoyi na kasuwa suna da amsoshi masu kuskure, a riƙa duba littafin makaranta. Akwai kuma littafin labari da hukumar ke bayarwa a karanta, ya karanta shi duka, taƙaitawar da ake turawa a WhatsApp ba ta isa ba.

Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya, amma har yau akwai yaran da ranar jarrabawa suke fara zama gaban allo. Ba sai ya koyi kwamfuta duka ba: A zuwa D don zaɓar amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Ya biya awa biyu-biyu a wata cibiya sau da yawa, kuma ya zaɓi jarrabawar gwaji ta JAMB lokacin rajista. Ƙarin kuɗin nan bai kai asarar shekara ba. Lesin mai tsada kuwa, ni ban ga ya ceci yaron da ba ya karatu shi kaɗai ba.

Mataki na biyar: WAEC da NECO

Kada JAMB ta sa a manta cewa ana neman kiredit biyar, har da Turanci, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama bai wuce biyu ba, wasu kwasa-kwasan ma kamar likitanci a wasu jami'o'i zama ɗaya suke so. C6 kiredit ne, D7 ba kiredit ba ne. Idan iyaye suka kawo maganar kai shi makarantar da ake rubuta wa yara amsa a allo, ka ce ba da kai ba. Watanni ka yi kana koya masa cewa sakamakonsa nasa ne, kuma ana riƙe sakamakon irin waɗannan wurare.

Mataki na shida: bayan sakamako

Ya je cibiya a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafinsa na JAMB, yara da yawa a nan suke rasa gurbi ba su sani ba. Ya sa ido kan sanarwar tantancewa ta jami'ar da ya zaɓa. Tun 2017 ta tsarin CAPS da ke shafin JAMB ake ba da gurbi, shi zai riƙa shiga yana dubawa, shi zai danna amincewa, kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi ta bayan fage, a rabu da shi. Idan makin bai kai ba, a canja kwas ko makaranta da wuri. Akwai IJMB, karatun share fage da ke kai yaro aji biyu na jami'a, akwai makarantar share fage ta Ahmadu Bello da ke Funtua, akwai kwalejojin ilimi da na fasaha. Idan gurbi ya samu kuma kuɗi ya yi wuya, asusun NELFUND ya fara ba ɗaliban makarantun gwamnati bashin karatu tun 2024, ya nema da kansa, ya karanta sharuɗɗan biya kafin ya sa hannu. Kuɗin kashewa ka riƙa tura masa na wata ɗaya a dunƙule, ba na mako-mako ba, kuma idan ya ƙare ranar ashirin ga wata, sai ɗaya ga wata.