Yadda za ki ɗauki tarihin haihuwar mace ba tare da kin zubar da yara a hanya ba

Wannan rubutun na ƴan uwa mata ne da ake ɗauka aikin bincike gida-gida, irin wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take yi kan yawan jama'a da lafiya. Shi wannan binciken tun 1990 ake yinsa a Najeriya, a na 2018 aka samu mace ɗaya tana haihuwar yara 5.3 a matsakaici, a Katsina 7.3, kuma cikin yara 1,000 guda 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Toh duk waɗannan lambobin da ake ta yawo da su a taruka daga bakin wata mata suka fito tana zaune kan tabarma a tsakar gida, idan mai tambaya ta yi garaje yaran da suka rasu ne suke fara ɓacewa daga lissafi, sai a ga kamar mutuwar yara ta ragu alhali ba haka bane.

Ki fara da mai unguwa ko dagaci, shi zai haɗa ku da ɗan rakiya, sannan maigida, dan gidan kulle ba a faɗa masa haka kawai ko da ke mace ce. Mutane suna da dalilin ɗari-ɗari, ba su manta gwajin maganin sanƙarau da Pfizer ya yi a Kano a 1996 ba, ga rigimar allurar shan inna ta 2003. Ki faɗi gaskiya: ba rabon kuɗi kika zo ba, ba za a buga sunan kowa ba, wadda ba ta so tana iya cewa a'a.

Kafin ki rubuta kowa ki tantance su waye suke cin tukunya ɗaya, dan gida ɗaya zai iya ɗaukar magidanta uku kowa da girkinsa. Sannan ki ja matar gefe. Idan kishiya ko uwar miji na zaune tana tsintar shinkafa kusa da ku wallahi amsar da za ki samu ta jama'a ce, ki nemi ku shiga ɗaki, ki ce ƙa'idar aikin ce haka.

Shekaru kuma ciwon kai ne. Matan da ake tambaya ƴan 15 zuwa 49 ne, kuma da yawa za su ce miki talatin ko arba'in, shi ya sa lambobi suke taruwa a kan masu ƙarewa da 0 da 5. Kar ki karɓa haka, ki kamo abin da kowa ya sani, lokacin da Abacha ya rasu a 1998 an yi miki aure ko kina talla? Rasuwar Ƴar'aduwa a 2010 goyon wa kike? A Nijar kisan Ba'are Mainasara na 1999 yana yin wannan aikin. Na yara ƙanana kuwa ki fara neman katin rigakafi, in babu ki tambaya da damina ne ko da hunturu, kafin azumi ko bayan babbar sallah, kafin kullen korona ko lokacin canjin kuɗi na 2023.

Yanzu ga inda aikin yake. Idan kika ce “Yaya, ƴaƴanki nawa?” za ta lissafo miki waɗanda suke gabanta ne. Ɗan fari da yawa ba za su ambaci sunansa ba saboda kunya, wata ma tsallake shi za ta yi gaba ɗaya tunda kakarsa ce ta ɗauke shi tun yaye, kar ki matsa mata sai ta faɗi suna, laƙabi ya isa. Ki tambayi na riƙo ta fuska biyu, nata da ke hannun wasu, da na wasu da ke hannunta, dan ɗan riƙo ba ya shiga tarihin haihuwarta ko da ta fi uwarsa sonsa. Ki tambayi na gidan mijin farko, da waɗanda suka tafi karatun allo, da matan da aka aurar.

Sai ki sassauta murya ki ce akwai waɗanda suka koma? Ki yi mata Allah ya sa masu ceto ne, ki dakata, kar idonki na kan tabulet kina danne-danne. Jaririn da bai kai suna ba shi aka fi mantawa, wata za ta ce ai wannan ba a lissafa shi, toh a wajenki ana lissafawa matuƙar ya yi kuka ko ya yi numfashi ko ya motsa, ko na minti ɗaya ne. Wanda ya zo ba rai da ɓari gurbinsu daban. Idan kika ga tazarar shekara huɗu ko biyar tsakanin yara biyu ki koma ki tambaya a hankali ko an samu wani a tsakani, sau da yawa a nan ake tsintar su. In ta ce yana da shekara ɗaya ya rasu ki bi diddigi, ya fara tafiya? ya fito da haƙora? dan wata 11 da wata 13 ba layi ɗaya suke shiga ba, na farko shi ne ake ƙirgawa a mutuwar jarirai.

Maganar tsarin iyali ki ce tazarar haihuwa ko hutu, in kika ce ƙayyade iyali hira ta mutu.

Sai wata ɗabi'a da wasu ma'aikata ke yi in rana ta yi zafi, su ƙara wa yaro shekara ya haura biyar dan su tsallake dogayen tambayoyin lafiyar yara da awon nauyi. Dan Allah kar ki yi, masu duba bayanan suna gani ƙarara saboda shekarar da aka ciro yaran daga cikinta ce za ta zo da yara kaɗan ta kusa da ita kuma ta cika fal. Gara ki ce wa shugaban tawagarku kin gaji gobe ki dawo ki ƙarasa.