Yadda ake bin sawun bayi a takardun jihar Luwiziyana ta Amurka na ƙarni na 19

Fara da ƙidayar jama'ar Amurka ta 1870, domin ita ce ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Daga nan sai ka yi baya. Jerin bayi na ƙidayar 1850 da ta 1860 sunan ubangida kawai suke ɗauke da shi. Bawa kuwa sai shekarunsa da jinsi da launin fata. A nan ake yawan tuntuɓe, a ɗauka kowane bawa ya riƙe sunan ubangidansa, alhali da yawa wani sunan suka zaɓa. Nemi takardun ciniki da na rabon gado a rumbun adana takardu na New Orleans, birni a Luwiziyana, can sunayen suke, wasu da Faransanci. Kada ka dogara da ƙidayar 1890, gobarar 1921 ta lalata mafi yawanta.