Yadda Ake Haɗa Hoto Mai Motsi da Manhajar GIMP

Hoton GIF mai motsi jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, har ido ya ɗauka abu guda ne yake tafiya. Kamfanin CompuServe na Amurka ne ya fito da tsarin a 1987, kuma gyaran da aka yi masa a 1989 shi ne ya ba da damar ƙayyade tsawon lokacin da kowane hoto zai yi kafin na gaba ya maye gurbinsa. Tsohon tsari ne, kuma tsufan nasa yana da sharuɗɗa biyu da ya kamata a sani tun kafin a fara zane: ba ya ɗaukar launi fiye da 256 a hoto guda, sannan ba ya ɗaukar sauti. Wanda ya tsara aikinsa bisa waɗannan iyakoki tun daga farko zai sami fayil ƙarami mai kyan gani, wanda kuwa ya bari sai ƙarshe zai sha wahalar gyara.

Manhajar da za a yi aiki da ita ita ce GIMP, wadda Spencer Kimball da Peter Mattis suka fara rubutawa a 1995 suna ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Kyauta ce, tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, kuma ya fi dacewa a sauke ta daga shafinta na gimp.org. Matakan da ke biye suna aiki a GIMP 2.10 da kuma GIMP 3.0 da ta fito a 2025, sai dai ɗan bambancin kamannin wasu tagogi.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne GIMP ba ta da wani fili na musamman na tsara motsi. Abin da take yi shi ne ɗaukar kowane falle na hoton, wato abin da manhajar ke kira Layer, a matsayin hoto ɗaya a jerin, tana farawa daga fallen da ke ƙasa tana hawa sama. Saboda haka aikin gaba ɗaya jera falle-falle ne yadda ya dace. Za a ɗauki misalin ƙwallo da ke faɗowa ta bugi ƙasa ta koma sama, domin muhimman ƙa'idojin motsi suna bayyana a cikinsa.

Da farko sai a shiga File a zaɓi New, a buɗe sabon hoto mai faɗin fiksel 480 da tsawon 360 (fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto a fuskar kwamfuta). Wannan girman ya isa, domin duk ƙarin da aka yi a faɗi da tsawo sai ya ninku a kan kowane falle. A cika bangon da launi ɗaya tak, a ja layi a ƙasa da zai zama daɓen da ƙwallon za ta faɗa a kai. Daga nan a ƙara sabon falle ta Layer sannan New Layer, a bar shi fayau ba launi ta hanyar zaɓar Transparency, a zana da'ira a kansa da abin zaɓe mai siffar ƙwai, a cika ta da ja ko wani launi mai fita sosai.

Mataki na biyu shi ne tsara tazara, kuma a nan ne ake gane aikin gwani da na ɗan koyo. Abin da ke faɗowa ba ya tafiya da gudu iri ɗaya. Yana farawa a hankali, gudunsa yana ƙaruwa har ya iso ƙasa. Idan aka raba hanyar ƙwallon gida-gida daidai wa daida, za ta sauko kamar ana zura guga a rijiya, ba nauyi a tattare da ita. Don haka sai a ja layukan jagora daga ma'aunin da ke saman hoton, a sanya su kusa da juna a sama, tazarar tana buɗewa yayin da ake sauka, misali fiksel 8, sai 24, sai 40, sai 56, sai 72. Waɗannan layukan ba sa fita a hoton da za a adana, don haka babu fargabar su ɓata aikin.

Mataki na uku shi ne ɗaukar hotunan. A ajiye ƙwallon a can sama, a shiga Layer a danna New from Visible, manhajar za ta haɗa duk abin da ido ke gani ta mayar da shi sabon falle guda. A sa masa suna 1, a danna alamar idon da ke gefensa don a ɓoye shi, domin idan aka manta da hakan shi ne zai riƙa fitowa a duk hotunan da za su biyo baya. Sai a koma a zaɓi fallen ƙwallon na asali, a matsar da ita zuwa layin jagora na gaba, a sake danna New from Visible. Haka za a yi ta yi har ƙwallon ta taɓa daɓe a hoto na shida. A hoto na bakwai kuwa a lotsa ta kaɗan da abin sauya girma, a rage mata tsawo a ƙara mata faɗi, don a nuna ta bugi ƙasa. Wannan lotsawar ta hoto ɗaya tak ita ce ke sa mai kallo ya ji ƙwallon ta roba ce.

Komawarta sama ba ta buƙatar sabon zane. A kwafi falle na 6 da na 5 da na 4 da na 3 da na 2, a jera kwafin a saman na 7 bisa wannan tsari, jimilla hotuna 12 ke nan. Kada a kwafi na 1, domin idan motsin ya zagayo shi ne zai biyo bayan na ƙarshe, kuma maimaita shi zai sa ƙwallon ta yi turus a sama ba dalili. Bayan haka a goge bangon asali da fallen ƙwallon na asali, a buɗe idon sauran duka, a tabbatar na 1 ne a ƙasa. Wanda yake da hotunansa a shirye, kamar waɗanda aka ɗauka a jere da kyamara, zai tsallake duk wannan ya shigo da su lokaci guda ta File sannan Open as Layers.

Yanzu sai lokaci. GIMP tana karanta shi ne daga sunan falle: idan aka rubuta 80ms a cikin baka biyu bayan sunan, wannan hoton zai tsaya milisakan 80 (milisakan dubu ne ke cika sakan ɗaya). Hotuna 12 a kan 80 kowanne sun kusa cika sakan ɗaya, wanda ya dace da tsallen ƙwallo. GIF yana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, saboda haka a riƙa ba shi lambobi irin su 40 ko 80 ko 100. Kada kuma a sauka ƙasa da 20, domin yawancin manhajojin buɗe shafukan intanet suna mayar da irin wannan gajeren lokaci ya koma 100, sai motsin da aka so ya yi sauri ya koma jan jiki. Ana duba sakamakon ta Filters, sannan Animation, sannan Playback, kuma gara a kalla sau da yawa ana gyara lambobin kafin a wuce.

Kafin a taɓa launuka, a adana aikin a tsarin XCF, wanda shi ne na GIMP kanta, don a sami wurin komawa. Sannan a shiga Image, Mode, Indexed, a rage launukan. Zane irin wannan launi 32 ko 64 sun ishe shi. Akwai zaɓin yayyafa ɗigo-ɗigo don kwaikwayon launukan da aka rasa, wanda ke taimaka wa hoton kyamara, amma a zane mai launi shimfiɗaɗɗe gara a kashe shi, domin yana ƙara nauyin fayil kuma yana sa bango ya riƙa ƙyalƙyali.

Daga nan sai a koma Filters da Animation a zaɓi Optimize for GIF. Manhajar za ta buɗe sabon hoto inda kowane falle ke ɗauke da wurin da ya sauya kaɗai, sauran kuma a bar na baya ya cike, kuma za a ga ta ƙara kalmar combine a sunayensu. Wannan sabon hoton ne za a fitar ta File sannan Export As, a ba fayil ɗin suna mai ƙarewa da .gif, a sa alama a kan As animation da Loop forever. Akwai akwatin da ke tilasta hanyar sauya hoto iri ɗaya a kan duk fallayen. A bar shi ba alama, domin idan aka tilasta replace, wato hanyar da ke share hoton baya kafin a nuna na gaba, a kan hoton da aka riga aka tace da Optimize, bangon zai riƙa ɓacewa sai guntayen ƙwallo kawai. Amfanin replace yana zuwa ne idan bangon fayau yake, inda rashin sa shi ke sa ƙwallon ta bar sawunta a duk inda ta bi.

A buɗe fayil ɗin a Firefox ko Chrome a ga yadda yake tafiya a zahiri. Idan ya yi nauyi, rage faɗi da tsawo ya fi komai saurin kawo sauƙi, sai rage launuka, sai cire hoto ɗaya cikin kowane biyu tare da ninka lokacin sauran. Idan kuwa aikin na buƙatar launuka masu yawa ko gefe mai laushi a kan bango fayau, fallayen da aka adana a XCF za su fita a wani tsarin hoto mai motsi da ake kira WebP ta wannan hanya ta Export As, ba tare da an rage musu launi ba.