Kurakuran da iyalai suka fi yi idan suka kai yara Turai da niyyar karatun gida da yawon daji

Magidanci kan samu gurbin karatu ko aikin shekara biyu a Turai, ya kwashi uwargida da yara, kuma tun kafin jirgi ya tashi daga Kano sun gama shawara cewa uwar ce za ta koyar da yaran a gida, ranakun hutu kuma a fita ƙauye da daji a buɗe ido. Niyyar tana da kyau, kuma ina goyon bayanta, amma na lura cewa yawancin wahalar da ake sha tana zuwa ne daga rashin tambaya kafin a tashi.

Kuskure mafi nauyi shi ne ɗaukar Turai tamkar ƙasa ɗaya mai doka ɗaya. A Ingila, dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye alhakin ilimantar da yaro, ko a makaranta ko ta wata hanya, don haka karatun gida halal ne. Sai dai idan an riga an saka yaron a makaranta, a rubuta wa shugabanta takarda a cire sunansa, kada a janye shi shiru. A Faransa karatu wajibi ne tun daga shekara uku, kuma tun watan Satumba na 2022 ba a koyar da yaro a gida sai da izinin hukuma. Jamus ce ta fi tsanani, domin yaron da ke zaune a ƙasar dole ne ya shiga aji daga wajen shekara shida, iyayen da suka ƙi kuwa ana cin su tara, kuma a 2019 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan hukumomin Jamus a kan wasu iyaye da suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta. Wanda zai zauna a can, ya saka yaransa a makaranta da zuciya ɗaya, ya mayar da karatun gida zuwa yamma da ƙarshen mako, inda za a riƙe Alƙur'ani da rubutun Hausa, waɗanda su ne suka fi saurin zubewa a baƙuwar ƙasa.

Inda doka ta yarda kuma, iyaye kan manta cewa za a dawo gida. Yaron da zai fuskanci jarrabawar shiga sakandare ko ta WAEC yana buƙatar a tafi masa da littattafan manhajar Najeriya, a kuma ajiye duk abin da ya rubuta a jaka ɗaya, domin makarantar da za ta karɓe shi za ta so ganin inda ya tsaya.

A daji kuwa, baƙo yakan yi ta fargabar maciji, alhali kaska ce abin tsoro. Mun saba ganinta ƙatuwa a jikin shanu, amma ta Turai wani lokaci ba ta kai ƙwayar riɗi ba, tana laɓe a cikin ciyawa daga bazara zuwa kaka, kuma tana ɗauke da wata cuta mai sa zazzaɓi da ake kira Lyme. A sa wa yaro dogon wando, a cusa ƙafar wandon a cikin safa, idan an dawo gida a duba bayan kunnensa da hammata da bayan gwiwa da gindin gashi. Idan an same ta, kada a ɗiga mata kananzir ko mai, kada a kusanto ta da ashana. A kama ta dab da fata da ɗan hantsakin da ake sayarwa a shagon magani, a ja a hankali. Idan jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki ko makonni, ko zazzaɓi ya biyo baya, a ga likita. A kudancin Jamus, inda babban dajin da ake kira Baƙin Daji yake, kaska tana yaɗa wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar rigakafinta.

Haka nan a hana yara tsinkar naman kaza, wato lemar kwaɗi da ke tsirowa a ƙasa, domin mai kisa yana kama da wanda ake ci, kuma kada a hura wuta don gashin nama sai a wurin da aka keɓe.

Ana kuma kuskuren shiga gonar mutane. A Sukotlan dokar 2003 ta buɗe yawancin filaye ga masu tafiya, amma a Ingila alamar hanyar ƙafa ake bi, a bar ƙofar shinge yadda aka same ta, a nisanci saniya mai ɗan maraƙi. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, saboda haka a fita da hantsi, a sauke taswira a waya tun daga gida, a kuma koya wa kowane yaro lambar gaggawa ta 112.