Kurakuran da ke kayar da ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin fassara

Yawancin waɗanda ke neman gurbin digiri na biyu ko na uku a fannin fassara sun riga sun iya fassarar. Wani ma'aikacin gidan rediyo ne, wani tafinta ne a kotu, wani malamin makaranta ne da ke juya Larabci zuwa Hausa tun yana matashi. To, daga nan kuskuren farko yake farawa: ɗauka cewa ƙwarewa a aikin ita ce binciken. Jami'a ba gwanintarka take son gani ba a wannan mataki. Tambaya take so ka yi game da fassara, ka nemo amsarta da hujja. Idan ba ka iya faɗar tambayarka a jimla ɗaya ba, kada ka fara rubuta babi na ɗaya tukuna.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mayar da kundi farautar kurakurai. Ɗalibi zai tattaro labaran sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, ko na DW, ya jera su kusa da na Turanci, ya yi ta sa jan biro: nan an yi kuskure, nan an yar da ma'ana. Ranar kare kundi sai mai jarrabawa na waje ya tambaye shi, "Ka tabbata daga wannan rubutun Turancin aka fassara?" Sai a ji shiru. Gaskiyar ɗakin labarai ita ce mai fassara kan haɗa rahoto biyu ko uku, edita ya datse saboda minti ɗaya kawai aka ware wa labarin, kuma kunne ake rubuta wa, ba ido ba. Abin da ɗalibin ya kira kuskure wataƙila shawara ce da aka yanke da gangan. Gyaran shi ne ka fara da bayyana abin da masu fassarar suka yi, ka gano abin da ke maimaituwa, sannan ka nemi dalili. Wannan ce hanyar da masanin fassara Gideon Toury ya shimfiɗa a 1995. Kuma ka taka ka je wurin masu aikin ka yi hira da su. Da yawansu za su saurare ka idan ka je da ladabi, ba da niyyar kama su da laifi ba.

Sai batun ra'i, wato tsarin tunanin masana da ake ɗora nazari a kansa. An saba a cika babi na biyu da sunayen masana fassara irin su Nida da Catford da Newmark, a ce kowanne ga abin da ya ce, daga nan ba za a sake jin ɗuriyarsu ba har ƙarshen kundin. Ra'i abin aiki ne. Ka zaɓi ɗaya da ya dace da tambayarka, ka riƙe shi har babin nazari. Idan kana duba saƙonnin rigakafin shan-inna, inda manufa ita ce uwa ta fahimta ta kai ɗanta, ra'in Skopos na Hans Vermeer, wanda ke cewa manufar fassara ce ke tsara yadda za a yi ta, ya fi kusa da kai. Kada kuma karatunka ya tsaya a littafin Nida na 1964 ko na Newmark na 1988. Fannin ya yi nisa tun lokacin da James Holmes ya zana masa taswira a 1972, kuma mai digiri na uku da bai karanta mujallun fannin na shekarun nan ba, za a gane shi tun a shafin farko.

Faɗin farfajiyar bincike shi ma kan kayar da mutum. "Nazarin fassara a kafafen yaɗa labarai" ba take ba ne, aikin mutum goma ne. Ɗauki kafa ɗaya, nau'in rubutu ɗaya, lokaci ƙayyadadde, ka kuma faɗi yadda ka zaɓo misalanka. Tsintar waɗanda suka yi maka daɗi kaɗai ba hujja ba ce.

Akwai wani sakaci da ke ba ni takaici: kowa ya raja'a a kan Turanci zuwa Hausa, kamar nan fassara ta fara. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u da 'yan'uwanta suna juya waƙoƙi tsakanin Fulatanci da Larabci da Hausa. Malaman zaure suna fassara littattafan fiƙihu da baka kullum, haka masu tafsiri da azumi. Ga Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, ga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ga fassara daga Faransanci a Nijar. Ɗalibin da ya iya Larabci ko karatun ajami, amma ya bar wannan ya bi sahun da kowa ya bi, ya yi asarar abin da zai bambanta aikinsa. A duba ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo kafin a tsayar da take, don kada a maimaita kundin wani.

Ƙa'idar rubutu kuwa, ba a yafe wa mai nazarin fassara ita. Idan misalanka ba su bambanta ƙ da k ko ɗ da d ba, ko suna haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an daina yarda da hukuncinka a kan aikin wasu. Haka idan ka yi amfani da manhajar fassara wajen juya wani rubutu, ka faɗa a fili, ka rubuta sunanta da ranar da ka gwada, domin sakamakonta yana canzawa.

Kada ka ɓace wa malamin da ke duba aikinka wata shida, sannan ka dawo da babi biyar a dunƙule. Kai masa babi ɗaya, ka karɓi gyara, ka rubuta abin da kuka tsayar da kwanan wata, domin wanda ke duba ɗalibai da yawa ba zai tuna duk abin da ya ce maka bara ba.